Muryar Wa Ke Cikin Kiɗan Nan? Tarihin Dub da Ambiyent

 Yau za mu ɗan huta da zancen siyasa mu shiga tarihin kiɗa, duk da cewa kafin mu gama za ku ga siyasar ta biyo mu.

Lokacin da nake shekarar ƙarshe a jami'a, wani abokina ya tura min tarin kiɗe-kiɗe a memori. Babu sunan mawaƙi, babu komai, sai lamba kawai. Da dare idan aka ɗauke wuta ina karatu, su nake sakawa a kunne. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, bes mai nauyi a ƙasa, ganga tana bugawa tana amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. A na bakwai akwai muryar wata mata tana rarrashin yaro da yaren da ban sani ba. Na fi shekara ina jin muryar nan, wallahi ban taɓa tambayar kaina wace ce ita ba. Ranar da na tambaya, sai na faɗa cikin wannan tarihi.

Mu fara daga Jamaika. A birnin Kingston na shekarun 1950 da 1960, talaka ba shi da kuɗin shiga manyan gidajen rawa, don haka sai masu manyan lasifikoki su kafa su a fili, mutanen unguwa su taru. Gasa ce mai zafi, kowa na neman faifan da abokin hamayyarsa ba shi da shi. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara buga waƙa a fuska ɗaya ta faifai, a bayansa kuma a sa kiɗanta zalla babu murya. Ga arha ga mai situdiyo, ga fili ga mai riƙe da makirufo ya yi ta zuba magana a kai.

Sai ga Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby. An haife shi a 1941, kuma sana'arsa gyaran rediyo da amfilifaya a unguwar Waterhouse. Irin masu gyaran nan da muke wucewa ta gaban shagonsu kullum fa. Ya sayi tsohuwar mikisa mai layi huɗu, ya riƙa karɓar waƙar da aka riga aka gama yana warware ta. Ya janye murya, ya bar ganga da bes su kaɗai, ya dawo da kalma ɗaya ya sake ta cikin amsa-kuwwa har ta narke, sannan ya maido da komai lokaci guda. Wannan shi ne dub. Kafin shi, aikin injiniya shi ne ya ɗauki sauti ya yi shiru. Shi ya mai da mikisa kayan kiɗa. Lee Perry ma ya gina situdiyonsa, Black Ark, a bayan gidansa a 1973 yana irin wannan gwaji. Idan kuna neman ƙofar shiga, ku nemi King Tubbys Meets Rockers Uptown na Augustus Pablo, 1976. Shi kuwa Tubby, harbe shi aka yi a ƙofar gidansa a watan Fabrairun 1989.

To, a daidai wannan zamani wani abu daban na faruwa a Ingila. A 1975 mota ta buge wani makaɗi mai suna Brian Eno. Yana kwance yana jinya aka kawo masa faifan kiɗa, sai sautin ya zo ƙasa-ƙasa har yana cuɗanya da ƙarar ruwan sama, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara. Nan ya fahimci cewa kiɗa zai iya zama kamar iska ko hasken ɗaki, yana nan amma bai tilasta maka sauraro ba. A 1978 ya fitar da Music for Airports, ya raɗa wa salon suna ambiyent.

Ina suka haɗu? 'Yan Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Ingila tun daga 1948 sun tafi da al'adar lasifikarsu. A ƙarshen shekarun 1980, gidajen rawa na Landan suka fara ware ɗaki na musamman inda wanda ya gaji zai zauna ya huce. A irin ɗakunan nan masu sa faifai, kamar waɗanda suka kafa The Orb, suka riƙa ɗora sanyin ambiyent a kan bes ɗin dub. Tunda masu yin kiɗan ba sanannu ba ne, sai ƙananan kamfanoni suka riƙa tattara su a kundi ɗaya. Jerin Ambient Dub na kamfanin Beyond ya fara a 1992, Feed Your Head ya fito a 1993, Macro Dub Infection a 1995. Kundin haɗaka shi ne makarantar wannan kiɗa. Ka sayi ɗaya ka san mutum goma.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Cikin kayan haɗin akwai na uku, wanda suke kira "tribal", wato wai na ƙabila. Ma'anarsa a aikace, a ɗauko ganga ko murya daga Afirka ko Asiya ko wani tsibiri a liƙa a kan kiɗan kwamfuta. Ku lura, Bafaranshe yana da suna a bayan faifai, amma mai muryar "ƙabila" ce kawai.

Matar nan ta lamba bakwai, ashe waƙar Sweet Lullaby ce ta Deep Forest, wasu Faransawa biyu, ta 1992. Sunan matar Afunakwa, 'yar al'ummar Baegu a tsibirin Malaita na Tsibiran Solomon. Wani mai binciken kiɗa, Hugo Zemp, ya naɗi muryarta, ta fito a faifan UNESCO a 1973. Kundin Deep Forest ya sayu da miliyoyi, mutane da yawa kuma suka ɗauka muryar mutanen dajin Afirka ta Tsakiya ce. Ko nahiyarta ba a gane ba, balle sunanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ita kaɗai ba ce. Difang da matarsa Igay, tsofaffi daga al'ummar Amis ta Taiwan, muryarsu ce a Return to Innocence ta Enigma. An yi amfani da waƙar a tallan gasar Olamfik ta 1996, su ba su san ma an ɗauka ba. Sai da suka kai ƙara aka sasanta da su. Shi kansa Eno, a 1981 shi da David Byrne suka fitar da My Life in the Bush of Ghosts, sunan da suka aro daga littafin Amos Tutuola, marubuci ɗan Najeriya. A ciki suka ɗora karatun Alƙur'ani na wasu 'yan Aljeriya a kan kiɗa. Da wata ƙungiyar Musulmi a Birtaniya ta nuna rashin amincewa, aka cire shi daga bugun baya. Kun ga ke nan abin da wani ya ɗauka sauti ne mai daɗi, wurin masu shi ibada ce.

Wani zai ce, to ai dub ma sarrafa waƙar wani ne. Haka ne, kuma ba zan ce Jamaika aljanna ba ce, mawaƙa da yawa can an cuce su a kan kuɗi. Amma mai sauraro a Kingston ya san waƙar asali, ya san mawaƙin, sau da yawa ma tana ɗaya fuskar faifan. Hira ce tsakanin 'yan unguwa ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuwa, mai muryar ba ta cikin hirar sam.

Kuma ana iya yin abin daidai. A 2011 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da Music from Saharan Cellphones, waƙoƙin da aka tattaro daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali. Mai kamfanin, Christopher Kirkley, ya bi sawun mawaƙan don a sa sunansu a biya su. Ɗaya daga cikinsu Mdou Moctar ne na Nijar, wanda ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, yau kuma yana zaga duniya da jitarsa. Su ne kuma suka sake fitar da kiɗan ogan na Mamman Sani da ya naɗa a Nijar tun 1978. Ku saurare shi, za ku ji sanyin da ake nema a ambiyent, daga nan maƙwabtanmu.

Saboda haka ga yadda nake sauraro yanzu. Ina jin kundin daga farko zuwa ƙarshe, ba na tsallake, domin wanda ya tsara shi ya jera shi ne kamar tafiya. Ina amfani da abin kunne mai kyau, don lasifikar waya tana kashe bes, dub kuma babu bes miya ce babu gishiri. Ina kasa kunne ga abin da aka cire, ba wanda aka sa kaɗai ba. Sannan ina karanta sunaye. Idan na ji murya ban ga sunanta ba, sai in bincika.

Kuma mu ma mu binciki kanmu. Sau nawa muke yankar kalangu ko muryar Shata ko ta wata tsohuwa mai waƙar daka mu ɗora a bidiyo, ko suna babu? Abin da muke zargin Turawa da shi, yana cikin wayoyinmu.

Ni dai na koma memorin nan na goge lamba bakwai na rubuta Afunakwa. Ku ma ku duba naku, ku faɗa min muryar wa kuka gano. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.