Garka: Lambun Damina na Bayan Gida

Garka ɗan fili ne da ake kewayewa da danga a bayan gida domin shuka kayan miya. A Saulawa da sauran ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan, a arewacin Jihar Kaduna, akan zuba mata takin dabbobi, a yi shuka da zarar damina ta zauna, wajen watan Yuni. An fi shuka kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, barkono da kabewa.

Amfaninta yakan fito fili a Agusta, lokacin marka, sa'ad da hatsin rumbu ya ja baya, dawa kuma ba ta nuna ba. Kwaɗon rama da faten yakuwa ke riƙe gidaje da dama kafin kaka. Kuɓewa kan fara 'ya'ya kimanin wata 2 bayan shuka, kuma sai an riƙa tsinkar ta duk kwana 2 zuwa 3, in ba haka ba ta ƙosa ta yi tauri.

Abin da ya yi rara akan yayyanka a shanya. Shanyar marka takan yi funfuna, saboda haka wadda aka yi a Oktoba, da ruwa ya ɗauke, ta fi ƙarko. Ita ce miyar gida har bazara.