Farar Hodar da Aka Ɗinka wa Riga

Duk wanda ya yi farankama yana yaro zai tuna da kalamin, ruwan maganin nan da iyaye ke shafa mana har mu yi fari fat. Babban abin da ke cikinsa shi ne zink oksayid, wato tutiyar da ta haɗu da iskar oksijin ta zama farar hoda. Yau tarihinta zan ɗan gutsuro mana.

Masu fenti na daga cikin waɗanda suka fara yayata ta. A 1834 kamfanin Winsor & Newton na Ingila ya fito da ita a matsayin farin launi, sannu a hankali ta shiga maye gurbin farar dalma mai guba. Daga baya aka gane tana tare hasken ultarabayolet, wanda ido ba ya gani amma yake ƙona fata, har ya jawo sankara. A Ostareliya, inda cutar ta yi katutu, 'yan wasan kurket da masu ceto a bakin teku suka riƙa dambara ta a hanci. Kariya dai ta samu, sai dai mutane da yawa ba sa son fita da fuska kamar an watsa mata gari.

A shekarun 1990 masana suka rage girman ƙwayoyinta zuwa ƙasa da nanomita 100. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000, ku kwatanta. Da ta yi wannan ƙanƙanta sai farin ya ɓace, kariyar kuma tana nan.

To, an gudu ba a tsira ba. Idan hasken ya bugi ƙananan ƙwayoyin, suna iya haifar da wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta. Sannan ga tambaya: shin suna ratsa fata su shiga jini? Binciken da aka yi a Ostareliya a 2010 ya nuna tutiya kaɗan ce ke kaiwa jini, ba ta kai komai ba idan aka auna da wadda jiki ke ɗauke da ita tun asali. Matsalar farko kuwa, riga aka ɗinka mata: ana lulluɓe kowace ƙwaya da siririn rufin silika ko silikon, domin ta ci gaba da shanye hasken ba tare da ta taɓa fata kai tsaye ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna rufin silika na rage lahanin da take yi wa ƙwayoyin gado. A 2016 Tarayyar Turai ta amince da ita a man kariyar rana har kashi 25 cikin ɗari, amma ban da na fesawa wanda za a iya shaƙa zuwa huhu.

Wannan ba zancen Turawa kaɗai ba ne. 'Yan uwanmu zabaya suna rayuwa a ƙarƙashin ranar Sakkwato da Maiduguri, kuma sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke hallaka su. A wurinsu man nan magani ne, ba kwalliya ba. Idan ka sa zabiya a labarinka, kada ka tsaya a tsokanar da yara ke yi mata. Ka nuna mana malafarta, da doguwar rigarta, da tsadar man da take nema.