Gyaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi a Birtaniya domin rage asarar makamashi

Gidajen Birtaniya na daga cikin mafiya tsufa a nahiyar Turai, kuma da dama daga cikinsu ba sa riƙe ɗumi.

Hakan ne ya sa masu haya a gidajen ƙananan hukumomi ke kashe kuɗi mai yawa wajen ɗumama ɗakunansu da iskar gas a lokacin hunturu.

Gyaran dai ya ƙunshi lulluɓe bango da rufi da kayan da ke tare sanyi, da kuma sanya tagogi masu gilashi ruɓi biyu. Sai dai idan aka toshe gida ba tare da an bar wa iska mafita ba, danshi kan taru ya jawo wa mazauna ciwon ƙirji.

A shekarar 2019 jam'iyyar Conservative ta yi alkawarin ware fam biliyan 3.8 cikin shekaru goma domin wannan aiki.

Amma kafin nan ƙasar ta riga ta ga illar aikin ganganci.

A shekarar 2016 aka kammala gyaran benen Grenfell mai hawa 24 a yammacin London, inda aka lulluɓe shi da faranti masu roba a ciki. Ranar 14 ga watan Yunin 2017 gobara ta tashi, ta bi ta farantan ta mamaye ginin, mutane 72 suka rasu.

Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, wanda ya fito a watan Satumban 2024, ya ce kamfanonin da suka ƙera kayan sun ɓoye gaskiya game da haɗarinsu.