Kamfanin Taliya da Harajin Wuraren Ibada

Jama'a, tunda ana ta muhawara kan ko coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin agaji su biya haraji, bari in jawo mana wani tarihi daga Amurka.

A 1947 aka saya wa sashen shari'a na Jami'ar New York kamfanin taliya na Mueller. Ribar jami'a take tafiya, don haka aka ce ba haraji. Nan fa aka yi ta ƙorafi: kasuwa ɗaya ake ci, ya za a yi wani ya biya, wani a ƙyale shi? A 1950 majalisa ta yi doka cewa duk ƙungiyar da ba ta neman riba, in ta shiga kasuwancin da bai shafi aikinta ba, to ta biya haraji kan ribarsa. Da farko an tsame coci-coci, sai a 1969 aka haɗa da su. A 1970 kuma Kotun Ƙoli ta ce yafe wa wurin ibada harajin kadara bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Ni abin da na fahimta: sadaka daban, ciniki daban. Dokar Najeriya ma haka ta raba su. Kuɗin baiko da zakka a bar su. Amma in coci ko masallaci ya gina otal ko jerin shaguna, ya biya, kamar yadda mai shagon da ke maƙwabtaka da shi yake biya.