Wadatar cimaka a gidajen gari: yadda ake lissafinta da yadda ake gane yunwa ta shigo

Jama'a masu sauraro na ƙauyuka, da ƴan uwa da ke Kano, Agadas, Aljeriya da sauran wurare, ga bayani a kan abin da ake kira wadatar cimaka. A taron duniya kan abinci da aka yi a birnin Rum a 1996, an ce gida ya wadata in kowa a cikinsa yana samun abinci isasshe, mai tsabta, mai gina jiki, a kowane lokaci. Kalmar "kowane lokaci" ita ce ta fi shafar mu a nan Matameye, domin ƙoshin kaka ba ya nuna yadda gida zai kai watan Ogusta.

Bambancin gari da ƙauye

Mutumin ƙauye yana leƙa rumbunsa ya san inda ya tsaya. Shi ko mazaunin gari, mai kabu-kabu ne, tela ne, ko mai tuyar ƙosai, rumbunsa kasuwa ce. Yana iya kwana da yunwa alhali buhunan gero na jibge a shago, don kuɗin tiya ne ba shi da su. Galibi hatsi ya fi araha a kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada daga Yuni zuwa Ogusta, lokacin da rumbuna suka ƙare kuma sabo bai nuna ba. Wanda ke awo kullum shi ke sayen abinci da mafi tsada.

Lissafin da ya kamata kowane gida ya yi

Ma'aunin da hukumomin Nijar ke amfani da shi shi ne kilo 231 na hatsi ga mutum guda a shekara. Tiya tana kusan kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ke nan. To gida mai mutum takwas na bukatar buhu 18 da ɗoriya a shekara, wato buhu ɗaya da rabi kowane wata. Maigida da uwargida su zauna a kaka su ƙirga: wata nawa abin da ke hannu zai kai mu? Sauran watannin daga ina za su fito?

Abin da tarihi ya koya mana

Muna bakin iyaka, hanyar Ɗan Barto zuwa Kwangwalam da Daura ita ce jijiyar kasuwarmu. Dattawa na tuna yunwar 1984 da ake kira El Buhari, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. A 2005, bayan fari da fara, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo a jihohin Damagaram da Maraɗi, aka kwantar da dubban yara saboda tamowa alhali akwai hatsi a kasuwa. An sake rufe iyaka a 2019, sannan a 2023 lokacin takunkumin CEDEAO. Haka kuma ba mu manta da Oktoban 2013 ba, sa'ad da mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya wurin neman abin sawa a baki.

Alamomin yunwa a cikin gida

Yunwar gari ba ta shela, kunya ke rufe ta. Tana farawa da rage sanwa daga uku zuwa biyu, sai miya ta rasa mai da wake, sai fura ta koma ruwa-ruwa, uwa ta riƙa haƙura don yara su ci. Daga nan sai cin bashin awo da sayar da akuya ko kayan ɗaki. In maƙwabci ya daina hura wuta da rana, ai ba sai ya faɗa ba.

Ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5, akwai igiyar awon damtse mai launi uku, wadda aka fara koya wa uwaye amfani da ita a yankin Mirya. Kore lafiya lau, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a kai yaro likita ranar nan. Haka ma in ƙafafunsa biyu sun kumbura. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa magani ne na yaron, ba na sayarwa ba ne, ba kuma na rabawa da yayyensa ba.

Hanyoyin kariya

Kada a zubar da amfanin gona duka a kaka saboda biki, a dawo a saye shi da tsada a damina. Wake a adana shi a buhu mai ninki uku don ƙwari. Inda akwai bankin cimaka na unguwa ko ƙauye, a shiga, a kuma riƙa bin lissafinsa. A kasa kunne ga sanarwar sayar da hatsi cikin rahusa na OPVN. Allah ya hore mana ƙoramu da fadamu inda ake rake da kayan lambu, ga itatuwan gawo masu gyara ƙasa, ga zogale da ke tsiro ko a bayan ɗaki; noman rani na cike giɓi sosai.

Ku kuma ƴan uwa na waje, kuɗin da kuka aiko a Nuwamba sun fi sayen hatsi a kan waɗanda za ku aiko a Yuli. In kun kira gida, kada ku tsaya ga "lafiya lau". Ku tambaya buhu nawa ya rage, sau nawa ake ɗora tukunya a yini, kuma an auna damtsen ƙaramin yaro ko ba a auna ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.