Kyautar da Ba Biki Ba: Waiwaye Kan Maganar Ceto a Bakin Hausawa Kirista

A ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, irin su Unguwar Ya, kowace mace ta san lissafin biki. In kin kai wa ƙawarki kwano ranar suna, ranar naki sunan za ta dawo miki da abin da ya fi shi. Ko ɗan aiken da ya kawo kyauta ba ya komawa hannu rabbana, sai an ba shi tukwici. Wannan al'ada ita ce tsaunin da wa'azin Kirista ya daɗe yana hawa a ƙasar Hausa, domin ginshiƙin koyarwarsa shi ne ceto kyauta ce daga Allah, wadda ba a saya, ba a kuma ramawa. Yaya za ka fahimtar da mutanen da suka tashi cikin biki kyautar da ba ta da ramuwa?

Kalmomin sun riga masu wa'azin zuwa. James Schön, Bajamushen da ya bi ayarin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga fassarar Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, da taimakon Dorugu, yaron nan da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila. Schön bai taɓa taka Kano ba. Amma tun daga lokacin masu fassara suka fara ɗaukar kalmomin da Hausawa suka riga suka cika da ma'ana. "Alheri" a bakin Bahaushe kirki ne da ake yi wa mutum, har ma a ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato akwai sakamako a gaba. Kirista suka ɗora wa kalmar nauyin ni'imar da ba a cancanta ba. "Ceto" kuwa, a kunnen Musulmi, ceton Annabi ne ranar ƙiyama. A wurin Kirista ya zama aikin da Yesu ya riga ya gama a kan gicciye, shi ya sa suke kiransa Mai Ceto. Kalma ɗaya, gida biyu. Har yau maƙwabta kan yi doguwar hira da ita, kowa na tsammanin ɗan'uwansa ya fahimce shi.

Labarin da ya fi kusa da yankin Birnin Kudu ya faru ne a duwatsun Ningi, can kudu. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa saboda rikicin kuɗin ƙasa, suka zauna cikin Butawa da Warjawa, daga baya harin Ningawa ya addabi kudancin Kano, har da ƙasar Birnin Kudu. Nan ne kuma wasu almajiran wani Malam Ibrahim suka fake, bayan an kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Su ne Isawa. Ba Bature ne ya koya musu ba, daga nasu karatun suka ɗauko. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, aka kafa musu gari a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci ya shiga garin ya yi ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira suka watse, wasunsu suka ƙarasa Wusasa, inda mishan ta koma wajen 1929. Ina ganin a nan ne aka fara gwada maganar tanadin Allah da gaske. Mutane sun bar gida da dangi saboda bangaskiya, sai ga kaburbura a maimakon rumbuna. Wanda ya tsaya bayan Gimi bai tsaya don riba ba.

A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Bayan shekara biyar, a 1937, mishan ɗin SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, bisa yarjejeniya da En'e. Sunan Yadakunya kaɗai ya isa bayani. Mutumin da dangi suka ware masa ƙwarya ya sami wanda zai riƙe hannunsa ya wanke masa gyambo. Da farko allurar wani mai ake yi, mai zafi, mai ɗaukar shekaru, kafin ƙwayar dapsone ta zo a ƙarshen shekarun 1940. A Kano kuma asibitin ido ya buɗe a 1943.

A nan matsalar ta canza kama. Hannun da ke ba da magani shi ne ke buɗe Littafi. Mai jinya da ya ci abinci, ya warke, aka koya masa karatun boko, in ya ce ya ba da gaskiya, shin tuba ya yi ko tukwici ya biya? Sarakuna sun yi wannan zargi, shi ya sa suka sa ido sosai a kan wa'azi ga yaran Musulmi a waɗannan wurare. Su ma Turawan mishan abin ya dame su. Gaskiya kuwa an sami iri biyu. Wasu da aka sallama sun koma addininsu na da, wasu kuma sun koma garuruwansu sun zama masu bishara, ba albashi ba kariya.

Maguzawa su ne suka fi jin maganar a jikinsu, domin su sun san tsadar hulɗa da gaibu. Kafin shuka a yi yanka, in yaro ya kwanta a nemi abin da iska take so, jan zakara ko baƙin bunsuru, kuma bashin ba ya ƙarewa. Da mai bishara ya ba su labarin Ibrahim da ragon da Allah ya kawo a madadin ɗansa (Ishaku a Littafin Kirista, Isma'ila a wurin yawancin Musulmi, labarin da kowane mai cin naman layya ya sani), sai ya ɗora da cewa hadayar ƙarshe Allah ne da kansa ya bayar, babu sauran yanka. Ga manomin da ke ƙirga awakinsa, wannan magana ce mai shiga kai. Bayan rangadin musuluntarwa na Sardauna a farkon shekarun 1960, zaman Bamaguje a kan addinin kakanni ya yi wuya. Da yawa suka musulunta, wasu masu yawa kuma, musamman a shekarun 1970, suka shiga ikilisiya a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau.

Lokacin kuwa Bature ya fara naɗe tabarma. An kafa ikilisiyar ECWA a 1954, shirin Sabon Rai Don Kowa ya bazu a shekarun 1960 da ƙafafun talakawa, sannan gwamnatocin soja suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970. Abin da wasu suka ɗauka rashi ne, a ganina shi ya wanke maganar daga zargi. Babu sauran magani ko gurbin makaranta da za a ce shi aka bi. Sabuwar fassarar Littafi ta ƙarshen shekarun 1970 ma ta matso kusa da bakin mutane, inda "Almasihu" ya maye gurbin "Kristi".

Tun shekarun 1980 wani salon wa'azi ya taso daga manyan biranen kudu, wanda Benson Idahosa na Binin ya yi fice da shi: ka shuka iri na kuɗi, Allah ya ninka maka. Ya iso Sabon Garin Kano, ya shiga rediyo, yanzu yana cikin wayar kowane matashi har a Jigawa, jihar da aka yanka daga Kano a 1991. Duk wadda ta taɓa kai kwanon biki za ta gane lissafin nan take. Tsofaffin fastocin karkara da yawa ba sa sonsa, suna cewa an mai da Allah abokin biki.

Su nasu tsarin yana fitowa ne ranar godiyar kaka. Bayan an yanke dawa, kowane gida ya ɗauko abin da ya samu zuwa majami'a: damin gero, kwanon riɗi, tiyar gyaɗa, wani ma kaza ɗaya. Matan Zumunta su shigo da waƙa da kiɗan tulu. Ana kiran abin baiko, ana kuma ware zakka, ɗaya cikin goma, kalmar da aka aro daga Musulmi ba tare da an canza mata ko harafi ba. Daga cikin hatsin ake auna wa fasto na shekara, a ɗebi na gwauraye da marayu, sauran a zuba a rumbun ikilisiya a liƙe bakinsa da laka, sai watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba.