Giɓin Cikin Kwano: Tarihin Masara, Wake da Yaran Akara

Kakata ba ta yarda a ba yaron da aka yaye kunu zalla. Ko dai a zuba masa nono, ko a haɗa masa da ƙosai. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin tsegumin tsofaffi, har sai da na shiga jami'a na ci karo da tarihin amino asid, wato ƙananan tubalan da ake harhaɗawa su zama furotin, abin da jiki ke gina tsoka, jini da fata da shi.

Labarin ya soma ne a Faransa a 1806, inda Vauquelin da Robiquet suka tace na farko daga wani tsiro mai suna asfaragus. Sai da aka kwashe shekara 129 kafin William Rose na Jami'ar Illinois ta Amurka ya gano tireyonin a 1935, wanda ya cike ashirin ɗin da ake gina furotin da su. Tara daga cikinsu jikin mutum ba ya iya ƙerawa da kansa, dole sai ya ci su a abinci.

A tsakanin waɗannan shekaru ne aka yi gwaje-gwajen da suka fi jan hankalina. A 1906, a Cambridge, Hopkins da Willcock suka ciyar da ɓeraye da furotin ɗin masara, suka ga suna mutuwa da wuri, amma da aka ƙara musu tiriftofan sai kwanansu ya ƙaru. A 1914 kuma Osborne da Mendel suka nuna cewa ɓera ba ya girma idan babu lisin. Ta haka aka gane cewa masara tana cika ciki, sai dai tana da giɓi biyu. Lisin shi ne jigon girman yaro, tiriftofan kuwa daga gare shi jiki ke samar da niyasin, wanda rashinsa ke kawo cutar felagira mai lalata fata.

Abin da aka gani a kejin ɓeraye, wata likita ta gan shi a jikin 'ya'yan mutane. Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta isa Gold Coast, Ghana ta yau, a 1929. A asibitin yara na Akara ta riƙa karɓar yara masu kumburin ƙafa, da jan gashi, da fata mai saɓulewa. Ta lura yawancinsu an cire su daga nono an ɗora su a kan kamun masara. Ta wallafa bayaninta a 1933, wasu manyan likitocin Ingila suka ce ai felagira ce ta kasa ganewa. Ba ta janye ba. A 1935 ta sake rubutu, ta kira cutar da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Bahaushe da ya san illar kwanika ba zai buƙaci dogon bayani a nan ba. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ta saurari matan gari a zamanin da likitocin mulkin mallaka ba su cika yin haka ba, kuma da madara ta riƙa ceto yaran da aka kawo mata da wuri.

Hatsi, ko gero ne ko dawa ko masara, yana da ƙarancin lisin. Wake na da shi a wadace, amma ya gaza a metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Nono, ƙwai, kifi da nama suna ɗauke da taran duka. Saboda haka fura da nono, koko da ƙosai, shinkafa da wake, har daddawar da ake jefawa a miya, kowanne yana toshe giɓin da aka sha wahalar ganowa. Matsalar ita ce idan kuɗin cefane ya gaza, waken da nonon ake fara sokewa, yaron goye kuma ya koma kan kunu tsurarsa.

Masana sun gwada gyara masarar kanta. A 1964 aka gano a Jami'ar Purdue cewa wani nau'inta yana da lisin mai yawa, kuma bayan dogon aiki a Meziko aka fitar da iri mai kyawun ƙwaya. A 1992 Ghana, ƙasar da Williams ta yi aiki, ta saki nata irin ga manoma. Sunan da aka raɗa masa da harshen Akan shi ne Obatanpa, ma'ana uwa tagari mai shayarwa.